Nono, Madarar Gwangwani Da Dokar Tsabtar Abinci

A ƙarshen shekarar 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta daɗe a rufe saboda rashin zaman lafiya a dajin Kamuku da kewayensa. Inda shanu suka komo kuwa, nono ya komo. Saboda haka ya kamata makiyayi da ɗan tireda da mai saye kowa ya san abin da doka ta ce game da shi.

A zamanin En'e, duba-gari ne ke zaga kasuwa yana leƙa abinci. A 1974 Gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar abinci da magunguna, wadda ta hana sayar da gurɓataccen abinci, ta kuma hana yi masa lakabin ƙarya. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin ta tsare wannan doka.

Ga abin da ake bukata a jikin kowane gwangwani ko leda ko gorar yogot: sunan abin da ke ciki, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da nauyinsa, da sunan wanda ya yi da adireshinsa, da ranar da aka yi, da ranar da zai lalace, sa'an nan da lambar rajistar hukumar. Akwai madarar da ake cire mata maiƙonta a zuba man tsirrai a madadinsa. Ba a hana sayar da ita ba, amma wajibi ne a rubuta haka a jiki. Ɗan tiredan da ya sari kaya marar lamba ya sayi asara, gama ranar da ma'aikata suka zo, kwashewa za su yi.

Ba banza aka tsananta ba. A 2008 waɗansu a ƙasar Sin suka zuba wa madara ruwa, suka ƙara wani sinadari wai shi melamin don kada awo ya tona su. Jarirai wajen 300,000 suka kamu da ciwo, 6 suka mutu.

To, ƙwaryar kindirmo fa? Ita ba ta da takarda, ba ta da lamba, sai amanar mai ita. Da rani, in nono ya yi ƙaranci, akan sami mai ƙara ruwa, ta kaɗa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Kuka ba ta cutarwa, amma wanda ya biya kuɗin nono an ba shi ruwa. In ruwan na kududdufi ne, ga gudawa ga zazzaɓin taifod. Har wa yau, ɗanyar madara takan ɗauko tarin fuka daga saniya, da bakkale, watau cutar da ke sa shanu ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Maganin abin ba wuya. A wanke hannu da hantsa kafin tatsa. A tafasa madara, a bari ta huce, kana a zuba mata tsohon nono ta yi barci. Saniyar da aka yi wa allura kuwa, kada a sayar da nononta sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika.

Mai nono mai kyau ba ta rasa masu saye, gama amanarta ita ce lambarta. Rigakafi dai ya fi magani.