Daga Agege zuwa bakin ruwa: abin da 'yar tseren kwale-kwale za ta duba kafin ta zaɓi jami'a

Bayan sallar isha'i wani maƙwabcina a Zangon Agege, mai sana'ar goro, ya same ni a ƙofar gida, 'yarsa tana biye da shi. Ya ce, "Malam, ga 'yarka nan. Lokacin cike JAMB ya zo, ta ƙi ji ta ƙi gani, wai ita sai jami'ar da ke da ruwa." Yarinyar doguwa ce, tana ajin ƙarshe na sakandare. Da ta durƙusa ta gaishe ni na lura da tafin hannunta: kanta ta fito a gindin kowane yatsa, irin wadda muke gani a hannun masu daka. Filafili ne ya yi mata ita. Tambayar mahaifin ita ce ta sa na rubuta wannan, don na san ba gidansa kaɗai za ta shiga ba.

Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Sarkawa sun gaji tuƙi kaka da kakanni, ana tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, ana yi a bikin Rigata na Yawuri. Sai dai wasan da jami'o'in duniya ke ɗaukar ɗalibai dominsa iri biyu ne, kuma ya kamata iyaye su bambance su tun farko. A na ɗaya, mai tuƙi tana fuskantar gaba, filafilin yana sake a hannunta, kusan yadda aka saba a kogunanmu. Shi ne wanda Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a cikinsa a Olamfik na Tokiyo, ta sake zuwa Paris a 2024 tare da Beauty Otuedo. A na biyu, mai tuƙi tana ba wa inda za ta baya, filafilin yana maƙale a jikin jirgin, kujerar tana zamewa gaba da baya a kan 'yan tayoyi, kuma mafi yawan ƙarfin daga cinya yake fitowa. Jirgin mutum ɗaya ya kai tsawon mita 8, nauyinsa kilo 14, siriri ne har yana kifewa da ɗan kuskure kaɗan. Akwai na mutum biyu, da na huɗu, da na takwas wanda ke ɗauke da ta tara mai saita hanya da ba da umarni. Tsawon tseren mita 2000 ne. Wannan na biyun shi ne mai kuɗin tallafin karatu a waje. Yarinyar da ta ƙware a na farko kuma take hangen Amurka, sai ta koyi na biyu.

Mata biyu ne suka buɗe wa Najeriya wannan ƙofa, kowacce ta hanyarta. Chierika Ukogu a Amurka aka haife ta, ta yi tuƙi a Jami'ar Stanford, ta samu gurbin Olamfik a gasar share fage ta Afirka da aka yi a Tunis a 2015, ta zama ta farko da ta yi wa Najeriya wannan tsere a Riyo a 2016. Sai da ta ɗage shiga makarantar likita, ta kuma nemi gudummawar jama'a ta intanet kafin ta kai can. Bayan gasar ta koma karatun likitanta. Esther Toko kuwa a gida ta taso, a ruwan gida ta koya, ta je Tokiyo a 2021. Abin da nake so 'yar Agege ta ɗauka daga labarin Ukogu shi ne takardar da ta riƙe a hannu ɗaya yayin da ɗaya hannun ke kan filafili.

Mu fara da gida, tun da nan ne mafi yawan 'ya'yanmu za su tsaya. A Najeriya wasan yana hannun hukumar tuƙi ta ƙasa, da hukumomin wasanni na jihohi, da sojojin ruwa, da 'yan ƙungiyoyi masu jiragensu. Ma'ana, jami'a za ta ba ki karatu, horon kuwa galibi a wajen harabarta za ki same shi. Don haka tambayar farko ba sunan jami'a ba ce. Tambayar ita ce: daga ɗakin kwanana zuwa inda kocina yake da jirgi, minti nawa ne da asuba?

Na ce da asuba don a lokacin ake fita, kafin iska ta taso, kafin jiragen haya masu inji su fara tayar da igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa barin Agege zuwa Oshodi da ƙarfe bakwai na safe ya san yadda goslo ke cinye rana. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya rage wahala, yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin ya kai Yaba, daga nan Akoka tafiyar 'yan mintuna ce. Duk da haka, wadda za ta riƙa tashi daga gida kullum ta yi atisaye, ta shiga lacca, ta dawo kafin magariba, zangon karatu ɗaya zai karya ta. Samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai mata yana daga cikin lissafin zaɓen jami'a, kuma a Legas gadon nan ba ya isar kowa.

Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, bayanta a bakin tafkin Legas yake, kuma ita ta karɓi baƙuncin wasannin jami'o'i na NUGA a 2022, don haka tana da filaye da wurin iyo. Shigarta ba wasa ba: tana son wanda ya sa ta zaɓin farko, ya ci maki 200 ko fiye a JAMB, da kiredit biyar a zama ɗaya, sannan ga jarabawar tantancewa. Jami'ar Jihar Legas tana Ojo, yankin da barikin sojojin ruwa yake da ƙungiyarsa ta wasannin ruwa. A Abuja ana yin tsere a tafkin Jabi. Kada ki dogara da abin da aka rubuta a takardar talla. Zuwa da kai ya fi aike. Ki je da mahaifinki ko yayanki, ku ga jiragen da idonku, ku ga ko akwai jirgin ceto mai bin 'yan wasa a baya, ku ga rigunan ceto, ku ji daga bakin wata ɗaliba da ke tuƙi a can yadda take haɗa lacca da horo. Kwas ɗin ma yana da hannu a ciki. Mai karatun likita ko gashin ƙashi a Jami'ar Legas za ta koma Idi-Araba bayan shekarar farko, cikin 'yan'uwanta Hausawa amma nesa da ruwa, ga kwanan asibiti. Mai karatun ilimin motsa jiki da lafiya tana Akoka, lokacinta ya fi sassauci.

Kafin duk wannan akwai iyo. Iya ruwa fid da kai. Yawancin 'yan matan unguwanninmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, kuma kocin da ya yarda ya sa yarinya a siririn jirgi ba tare da ya gwada iyonta ba, a guje shi.

Yanzu ga maganar waje, inda ake yawan yaudarar iyaye. Dalilin da ya sa Amurka ke da kuɗi a tuƙin mata shi ne wata doka ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata. Jami'o'in da ke kashe maƙudan kuɗi kan ƙwallon maza sai suka nemi wasan da zai ɗauki mata da yawa don a daidaita, tuƙi kuwa yana ɗauka. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar ƙasa ta tuƙin mata a 1997. Shekaru da dama ƙa'ida ita ce babbar jami'a za ta iya raba kuɗin tallafi 20 ga matuƙanta, daga 2025 kuma aka sauya tsarin zuwa ƙayyade yawan 'yan wasa. Kalmar da za a riƙe ita ce raba. Sau da yawa ana gutsuttsura tallafin, wata ta samu rabi, wata rubu'i, ragowar dala ce daga aljihun uba. Jami'o'in rukuni na uku na NCAA ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, haka ma manyan nan irin su Harvard da Yale da Princeton, su suna duba ƙarfin iyaye ne su taimaka.

Koci a can ba zai ga yarinyar a ruwa ba, lamba zai nema. Akwai injin atisayen tuƙi na kan tudu, wanda ya fi yaɗuwa shi ne Concept2, mai kujera mai zamewa da sarƙa da ɗan allo. A kansa ake jan mita 2000 a ga minti nawa aka yi. Bajintar duniya ta mata minti 6 da daƙiƙa 21 ce, manyan jami'o'i kuwa suna sha'awar 'yar sakandaren da ke tsakanin minti 7 da 7 da rabi. Wannan lamba, da tsawo, da bidiyon tuƙi, da sakamakon makaranta tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, su ne jarinta. Za ta yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA da kanta, kuma adireshin imel na kowane koci yana shafin jami'arsa kyauta. Duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyi zai samo gurbi, a tambaye shi sunan kocin, a rubuta wa kocin kai tsaye. Sannan tun 2025 Amurka ta tsaurara ba 'yan Najeriya biza, har da ta ɗalibai, don haka kada a bar JAMB saboda alkawarin da bai zama takarda ba. A Afirka ma akwai wurin dubawa: jami'o'in Afirka ta Kudu irin su Pretoria da Rhodes da Cape Town sun daɗe da ƙungiyoyin tuƙi.

In tayi ya zo, a nemi amsa a rubuce. Tallafin na shekara ɗaya ne ko na huɗu? In ta ji ciwon baya ko haƙarƙari, waɗanda su ne cutar matuƙa, za a yanke shi? Wa zai biya inshorar lafiya da tikitin jirgi? Dokar NCAA ta ce horo kada ya wuce awa 20 a mako, amma tafiye-tafiye da jinya ba sa cikin lissafin, ga hunturun da kogi ke daskarewa.

Mahaifin nan bai damu da lambobi ba kamar yadda ya damu da sutura, kuma yana da gaskiya. Na gaya masa matan Iran suna tsere a Olamfik da kai a rufe da doguwar riga da wando, Nazanin Malaei ta yi haka a Tokiyo ta kuma taka rawar gani. A nan Legas Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jiha a 2022. Abin kula kawai shi ne mayafin ya zama mai kama kai, mara jela, don kada ya sarƙe da ƙarfen jirgi in an kife. A tambayi koci tun kafin a sa hannu: zai bar ta ta yi sallar asuba kafin fita? Ya zai tsara mata horo cikin azumi? Akwai mace a cikin masu horarwa, ko wadda ke raka 'yan mata in an tafi gasa? Ina ake canza kaya? Waɗannan biyu na ƙarshen ba ƙananan tambayoyi ba ne, domin yarinya da kocin da ke riƙe da tallafinta ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma dole ta san ofishin da za ta kai ƙara tun kafin buƙata ta taso. Ta kuma nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a makon farko, a can za ta samu yayye mata da suka san lungu da saƙon makarantar.

Da muka gama, uban ya juya ya ce mata, "To kin ji. Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga jirgin Yaba, in ga ruwan nan da idona." Ta ce, "To Baba, amma sai mun yi sammako, da rana ta ɗaga sun riga sun fito da jiragen."