Hatsin Dakoro da na'urar da ke karanta asirin iri

A Dakoro, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya su fara, manomi ba ya tambayar yawan ruwan da aka yi kamar yadda yake tambayar ranar da zai ɗauke. Hatsin da bai nuna ba kafin wannan rana ya zama kara. Ɗan kasuwa kuma yana ganin sakamakon a farashin tiya, ma'aikaci a ƙarshen wata.

A shekara ta 1976, bayan babban farin 1973, masu bincike na ORSTOM, wadda ake kira IRD a yau, sun bi ƙauyukan Nijar suna karɓar irin hatsi suna adanawa. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake karɓa, aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon da Yves Vigouroux da abokan aikinsa suka bayyana a 2011 ya nuna hatsin 2003 ya fi saurin fidda kai, karansa da zangarniyarsa sun fi gajarta. Sunayen iri ba su sake sosai ba, amma cikinsu ya sake. Wani nau'in ƙwayar gado mai suna PHYC, mai sa saurin huda, ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi 18. Babu injiniyan da ya yi wannan aiki. Fari ne ya yi shi, tare da hannun manomin da ke ware zangarniyar iri kowace kaka.

To, yaya ake gano abu irin wannan? Gadon kowane mai rai yana rubuce cikin ADN da haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Na hatsi ya kai harafi miliyar ɗaya da kusan miliyan 800. Don a duba wuri guda cikin wannan tulin, ana ƙera ƴan guntaye biyu masu harafi wajen 20 kowane, waɗanda Faransawa ke kira amorces, a Hausa a ce ƴan jagora. Ɗaya ya kama gaban wurin, ɗaya ya kama bayansa, sai na'urar PCR ta kwafi abin da ke tsakani har ya isa a gani.

Matsalar ita ce fiye da kashi uku cikin huɗu na ADN ɗin hatsi maimaici ne, kamar buhuna masu tambari ɗaya a cikin sito. Ɗan jagora yana iya kama inda ba a aike shi ba, a yi asarar magunguna masu tsada da ake odarsu daga ƙetare, a yi asarar makonni. Tun 2017, lokacin da ICRISAT, mai cibiya a Sadore kusa da Yamai, da IRD da cibiyar BGI ta ƙasar Sin suka fitar da taswirar gadon hatsi mai ƙwayoyin gado sama da 38.000, aikin ya sauƙaƙa. Mai bincike yana jera ƴan jagora ɗari ko dubu cikin takarda guda a kwamfuta, ya miƙa wa manhaja irin su BLAST, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1990. Ita kuma ta maido da lissafi: wannan ya kama wuri ɗaya, wancan ya kama wurare hamsin, a jefar da shi. Duk kafin a kashe ko dala.

Sai dai akwai abin lura. Hatsin da aka karanta don yin taswirar, Tift 23D2B1, daga wata tashar bincike ta jihar Jojiya a Amurka ya fito, ba daga rumbun Kornaka ko kwarin Tarka ba. Ɗan jagoran da ya zauna daidai a kansa yana iya zamewa a kan irin gida saboda bambancin harafi guda. Shi ya sa aikin na 2017 ya haɗa da karanta wasu iri 994, har da hatsin daji.

Kuma ko kwamfuta ta ba da amsa cikin mintoci, irin da aka zaɓa sai ya shiga ƙasa a tashar INRAN ta Tarna, kusa da Maraɗi, sannan a gonakin arewa, inda gwaji guda ke cin damina guda.