Tulu ko Kwatarniya: Wane Mazubi Ya Dace da Kifin Gupi a Ƙasar Sakkwato?

A bazarar da ta gabata na kai ziyara gidan ƙanena da ke koyarwa a Boɗinga, na tarar da 'yarsa mai shekara tara ta haɗa kai da gwiwa a gaban wata doguwar kwalba. Da ta ɗago sai ta ce, "Baffa, kihina duk sun mutu." Goma sha biyu ne, ƙanana masu jela kamar an rina ta da shuni da jan galura, kuma ni ne na sayo mata su tare da kwalbar, domin ta yi mini kyau a ido. Laifin nawa ne, shi ya sa na zauna na yi karatun da ya kamata a ce na yi tun kafin in buɗe aljihu.

Mai karatu zai yi mini uzuri, sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka daga suna zan fara. Bahaushe yana da tarwaɗa da ƙarfasa da giwar ruwa da kurungu, duk na tukunya ne ko na kasuwa, amma kifin da ake ajiyewa don kallo kawai baƙo ne gare shi, har mazubinsa bai samu suna ba sai dai mu ce akwatin gilashi. Shi kansa gupi sunan mutum ne, Robert Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga tsibirin Tirinidad zuwa Landan, aka laƙaba masa sunansa a 1866, alhali Bajamushe Wilhelm Peters ya riga ya bayyana kifin daga Benezuwela tun 1859. Namijin bai cika wuce santimita 3 ba, macen takan kai 5 ko 6, kuma ba ta zuba ƙwai, haihuwa take yi kusan kowane wata.

Ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mai saye, ya ɗauka ko a kofi zai rayu. Kifi da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa yake numfashi, ita kuwa ta saman ruwan take shiga, inda ruwa ya haɗu da sarari. Ashe faɗin fuskar ruwa ya fi zurfinsa muhimmanci. A ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, zai ci lita 54. A tayar da shi tsaye, gindinsa 30 da 30, tsayinsa 60, lita 54 ɗin dai zai ci, amma fuskar ruwan ta ragu da rabi cur. Ga shi gupi kifi ne mai yawo a sama-sama da tsakiyar ruwa, daga wannan gefe zuwa wancan, ba ruwansa da nutso. Iyayenmu mata sun san wannan bambanci tun kafin a kawo gilashi: tulu mai ƙaramin baki na ɗaukar ruwa ne, kwatarniya mai buɗaɗɗen baki ta shanya ce da jiƙo. Kifin nan ɗan kwatarniya ne, ni kuwa tulu na saya masa.

Sai batun zafi, wanda littattafan Turawa ba su rubuta domin mu ba. Su damuwarsu yadda za su ɗumama ruwa, mu tamu yadda za mu hana shi dahuwa. Gupi ya fi sakewa tsakanin digiri 22 da 28, ƙasar Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Ruwa yana ƙara zafi yana rage riƙe iska: kimanin miligiram 9 a kowace lita a digiri 20, ya sauko wajen 7 a digiri 35, a daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara buƙatarta. Ruwan lita biyar a ɗakin kwano yakan bi zafin ɗakin cikin 'yan sa'o'i, na lita hamsin kuwa yana jan ƙafa, kafin ya gama ɗumama la'asar ta yi. Haka ma a daren hunturu, ba ya saurin yin sanyi. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama amoniya, guba ce, kuma a ɗan ƙaramin ruwa nan da nan take taruwa. Mai injin hura iska yana iya yin kasada, amma wanda ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu ba zai rataya ran kifinsa a kanta ba.

A ra'ayina, wanda ba zai iya samar da lita 40 ba ya haƙura da kiwon. Wannan ne mafi ƙarancin abin da masu kiwo suka saba ba da shawara ga kifi biyar ko shida, mu kuma zafinmu ya sa gara a fara da lita 54 ɗin nan ta kwance. A sa mata biyu ga kowane namiji, don mazan ba sa barin mace ta huta. A rufe saman da raga maimakon gilashi, domin suna tsalle, kuma raga na barin ruwa ya yi tururi ya huce. A nisanta shi daga taga. A tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, teburin roba ba zai ɗauka ba. Kowane mako a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda ya kwana a ajiye.

Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mana irin wannan, muka zuba shida. Kafin kaka sun haura arba'in, sai ga wata sabuwar matsala. Wani abokin ƙanen nawa, mutumin Shagari, ya ce a ba shi rarar ya zuba a madatsar ruwan garinsu, tunda ya ji suna cin tsutsar sauro. Gaskiya ya ji. Saboda haka ne aka yaɗa gupi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma a Kambodiya an gwada sa shi cikin randunan gida don yaƙi da sauron zazzaɓin dengi. Sai dai sauron cizon da ke kawo mana zazzaɓi ya fi son ƙananan kududdufan damina, har da sawun kofaton shanu, inda kifi ba zai kai ba. Kuma masana halittu sun daɗe suna gargaɗin cewa gupi idan ya samu buɗaɗɗen ruwa yakan mamaye shi, mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya, su shiga takara da 'ya'yan kifin gida wajen abinci. Madatsar Shagari abincin masunta ce, ba wurin gwajinmu ba ne.

Na ce masa, "Malam, in kana da kwatami na siminti a gida wanda ba ya malala waje, kawo bokiti." Ya kawo, muka ɗebar masa ashirin. Sauran kuma muka raba maza daban, mata daban, a akwati biyu, yarinyar ta rubuta kwanan watan canjin ruwa da alli a bangon zaure.