Yumɓu, Laka da Rairayi: Arzikin da Muke Takawa

Jama'ar Sassumbrum da maƙwabtanmu na Magarya da Dungas, a wannan karo za mu yi magana kan ƙasar gina tukwane. Robobi sun cika kasuwanninmu, amma har gobe babu robar da ke sanyaya ruwa kamar randa. Tulunan Mirya, kusa da Damagaram, sun yi suna a Nijar saboda maginansu sun san ƙasa. Ya kamata mu ma mu san tamu.

Ƙasa iri uku ce. Rairayin jigawa yana da manyan ƙwayoyi, ba ya haɗuwa. Lallausar lakar da ruwa ke kwantarwa a bakin tabki tana da santsi, amma idan ta bushe sai ta ruguje. Yumɓun fadama da na kwarin Korama shi ne mai danƙo, domin ƙwayarsa ta fi kowace ƙanƙanta.

Ga yadda za mu gane mai kyau. Mu jiƙa ƙasar, mu murza ta kamar igiya, mu naɗa a yatsa. Idan ta lanƙwasu ba ta karye ba, yumɓu ne. Haka kuma muna iya zuba ƙasa a kwalba da ruwa, mu girgiza, mu ajiye: rairayi ne zai fara kwanciya, sai laka, yumɓu kuwa sai daga baya.

Yumɓu tsantsa yana tsukewa idan ya bushe, sai tukunya ta tsage. Shi ya sa iyayenmu mata ke haɗa shi da dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayi, ko kashin jaki. A tsince tsakuwa, a kwaɓa sosai, a shanya a inuwa. Tukunyar da ba ta bushe sarai ba, fashewa take yi a wuta.

Me ya sa randa ke sanyi? Jikinta na da ƙananan ƙofofi. Ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, zafi na tafiya tare da shi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye tumatir, gauta da alayyafo. Ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Masu aikin lambu, wannan taku ce.

Sai dai a kula: sanyi daban, tsabta daban. Randa ba ta kashe ƙwayar cuta. Mu rufe ta da faifai, mu ware mata moɗa guda mai mariƙi, mu riƙa wanke ta kafin sabon zubi. A shekarar 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, amma gudawa na nan tana kayar da yaranmu.

Ramin ɗibar yumɓu ma abin tsoro ne. Kada a yi masa kogo, domin yana ruftawa. Da damina yakan zama kududdufi, gidan sauro, tarkon yara. Idan an gama da shi, a cike.

Malaman yaƙi da jahilci, mu karanta wa ɗalibai wannan shafi, mu gwada ƙasar garinmu tare da magina. Riga-kafi ya fi magani.