Yaran Da Lissafi Ke Yi Wa Gardama

A zuba tsakuwa uku a tafin hannu a nuna wa ɗan shekara shida, nan take zai ce uku ne, bai ƙirga ba. Amma akwai yaran da sai sun bi kowace da yatsa. A tambaye su tsakanin 7 da 9 wanne ya fi yawa, sai su yi jim. Sun kai aji biyar suna ƙirga da yatsu a ƙarƙashin benci, jadawalin sau da suka haddace jiya ya bi iska yau, in an aike su shago canji ya dawo ba daidai ba. Da yawansu kuwa karatu da rubutu ba sa ba su wuya.

Likitoci suna kiran wannan matsala diskalkuliya. Ladislav Kosc, masanin halayyar ɗan Adam daga tsohuwar Cekosulobakiya, ya fayyace ta a 1974, ya nuna cewa tangarɗar tana ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da adadi, sauran basirar yaro kuma lafiya lau. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka daga baya sun nuna wurin: wani lungu ne ta sama, can wajen baya, dama da hagu. Abin yana bin jini, kuma ya fi yawa ga bakwaini. Ana ƙiyasta yara 3 zuwa 7 cikin 100 suna da shi, wato aji mai ɗalibai 60 zai iya ƙunsar biyu zuwa huɗu. Wani bincike da aka yi a Isra'ila, aka buga a 1996, ya samu kashi 6.5 cikin 100, mata da maza kusan daidai.

Gano ta yana buƙatar natsuwa, domin ba duk mai faɗuwa lissafi ne ke da ita ba. Sai an fara duba ido da kunne, a bincika ko yaron ya yi fashin makaranta mai tsawo, ko harshen da ake koyarwa da shi ne bai ji ba. Wanda ba a koya masa ba, da zarar ya samu malami mai haƙuri sai ya kamo sa'o'insa. Shi ya sa kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya ce sai matsalar ta kai wata shida duk da taimakon da aka bayar.

Farfesa Brian Butterworth na Landan ya fitar da gwajin kwamfuta a 2003, wanda hikimarsa ita ce auna lokaci. Ana nuna wa yaro ɗigo-ɗigo ko lambobi biyu, a ga daƙiƙa nawa ya ɗauka. Mai diskalkuliya yakan ba da amsa daidai, amma bayan dogon ƙirge, kuma jarrabawar takarda ba ta kama wannan. Malami mai lura zai iya yin kwatankwacinsa da wake da agogon waya, kafin a kai yaro wurin ƙwararre.

Babu ƙwaya ko allura ta wannan matsala, kuma bulala tana ƙara dagula ta. Yaron da aka saba kira daƙiƙi tsoro ne ke cika masa kai tun kafin a rubuta tambaya a allo. Abin takaici ne a doki yaro kan abin da ba laifinsa ba.

Abin da ke aiki shi ne komawa tushe. Makarantun Singafo suna bin tsarin da aka gina kan tunanin Jerome Bruner: yaro ya fara riƙe abu a hannu, sannan ya zana shi, daga ƙarshe ya rubuta lamba. Marafan kwalba da ƙwallon dabino sun wadatar. A raba goma gida biyu, shida da huɗu, bakwai da uku, a yi ta maimaitawa har hannu da ido su saba. A ja layi a ƙasa a rubuta lambobi, yaro ya taka gaba in tarawa ce, ya ja baya in ɗebewa ce. Wasan lido ma yana koya wa ido gane ɗigo ba ƙirge. 'Yan mintuna kullum sun fi awa biyu ranar Asabar. A aji kuma a ƙara masa lokaci, a bar masa jadawalin sau a gabansa, in ya girma a ba shi kalkuleta, domin hankalinsa ya tafi ga fahimtar tambayar.