Garwa: Yadda za a hana kwandon shara wari a lokacin zafi

A watannin Maris da Afrilu, zafi a Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi, kwandon sharar da aka zuba wa kayan cikin kifi da sauran miya da hantsi, kafin la'asar ya cika madafa da ɗoyi. Matan gida da yawa sukan kunna turaren wuta don su danne warin, amma da hayaƙin ya lafa sai ya dawo, domin tushensa yana nan cikin kwandon.

Daga ina warin yake fitowa?

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi wari: laima, zafi da daɗewa. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da abinci sun fi yaɗuwa a ɗumi irin na jikin mutum, inda wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Idan jiƙaƙƙiyar shara ta danne juna a gindin kwando, iska ba ta ratsa ta, sai ruɓar ta riƙa fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin Garwa ba shi da magani, amma laima da daɗewa suna hannun mai gida.

Lamarin bai tsaya ga hanci kaɗai ba. Wari ne ke kiran ƙuda, wanda kan yi ƙwai wajen 100 a zama ɗaya. Ƙwan yakan zama tsutsa cikin kwana guda, a lokacin zafi kuma tsutsar ta zama ƙuda cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙudan da ya tashi daga shara shi ne ke sauka kan kwanon yaro. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar cutar amai da gudawa, wadda ta yi ta'adi a arewacin Kamaru a 2010 da 2011, amma ƙuda ma yana ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa zuwa abinci.

A raba jiƙaƙƙe da busasshe

Matakin farko shi ne kada ruwa ya shiga kwando. A tsiyaye romo da ruwan wanke-wanke kafin a zubar da abin da ya rage. Ɓawon doya, na kankana da ganyen kayan miya abincin awaki ne, sauran tuwo da shinkafa da ba su lalace ba kuma a shanya wa kaji. Wanda ke da fili a bayan gida zai iya haƙa ɗan rami ya riƙa zuba ɓawo yana rufewa da ƙasa, bayan 'yan watanni ya samu taki. Idan aka yi haka, abin da zai rage a kwando bai wuce takarda, gwangwani da ƙurar shara ba, su kuwa ba sa ɗoyi.

Kifi ne ya fi wuyar sha'ani. Garwa na bakin kogin Binuwai, ga kuma kifin tafkin Lagdo da ke cika kasuwanninta: karfasa, tarwaɗa da giwan ruwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa mai kifi ya gyara shi tun a kasuwa. In a gida aka gyara, a ƙulle kayan cikin daban, a fitar da su a ranar, ko a binne su da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Haka ma jini da tumbin ragon layya.

Kowane wari da maganinsa

Ƙarnin kifi yana fitowa ne daga wani sinadari da tsami ke karya lagonsa, shi ya sa goga lemun tsami a jikin kwando ke kawar da shi. Warin tsami na lalataccen kunu ko kindirmo kuwa, toka ce maganinsa, ko garin kanwa, ko bikabonet da ake sayarwa a kantuna. A barbaɗa tafi ɗaya ko biyu na toka a gindin kwando: tana shanye laima, tana kuma hana ƙuda sakewa. Sai dai a tabbata ta huce sarai, don garwashin da ya ɓuya cikinta na iya ta da gobara. 'Yan gutsattsarin gawayi ma suna zuƙe wari.

Murfi wajibi ne, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin kwando mai murfi ya fi babba, saboda yana tilasta a zubar da shara kullum. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu.

Aƙalla sau ɗaya a mako a wanke shi da sabulu, a ɗauraye da ruwan Javel da aka sirka yadda aka rubuta a jikin kwalbar, sannan a buɗe shi a rana ya bushe ƙarau. Kada a taɓa haɗa Javel da lemun tsami ko wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi.

Bayan ta bar gida

Kamfanin Hysacam, wanda aka kafa a 1969, shi ne aka sani da kwasar shara a manyan biranen Kamaru, ciki har da Garwa, Marwa da Ngaundere. Inda motarsa ke ratsawa ko akwai babban mazubinsa, can ya dace a kai. Kamaru ta haramta sirarar leda tun daga Afrilun 2014, don haka tsohuwar takarda ko kwalin da aka shimfiɗa a gindin kwando ya fi dacewa. Ƙona leda na fitar da hayaƙi mai cutar da huhu, juye shara a lambatu kuma toshe shi yake yi. Da ruwan Agusta ya sauka, sharar da aka zuba a can takan biyo ambaliya ta dawo ƙofar gida.