Kashi 30 Cikin 100: Yadda Tsohon Sojan Amurka Ke Neman Gyara Takardar Sallamarsa

Duk sojan Amurka da ya kammala aiki, ko aka cire shi kafin wa'adinsa, ana miƙa masa takarda mai suna DD-214, wadda ke ɗauke da tarihin aikinsa a taƙaice, kuma ita ce ma'aikatun gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata za su riƙa tambayarsa har ƙarshen rayuwarsa. Abubuwa uku ne suka fi nauyi a cikinta. Akwai darajar sallamar, wato ko an rabu da shi cikin cikakken mutunci, ko da ɗan aibu, ko a wulaƙance. Akwai dalilin sallamar, wanda ake rubutawa da kalmomi kaɗan. Sannan akwai lambar da ke nuna ko za a iya sake ɗaukarsa soja. Wanda aka sallama saboda rashin lafiya galibi ba shi da ƙorafi a kan darajar, domin akasari ta mutunci ake ba shi. Rigimarsa tana kan dalilin da aka rubuta, da kuma wani adadi da aka ɗora wa nakasarsa, wanda shi ne ke raba mai fansho da wanda aka sallama da 'yan kuɗi a hannu.

Idan rauni ko ciwo ya hana soja aiki, kwamitin likitoci ne ke fara duba shi ya rubuta abin da ke damunsa, daga nan a tura fayil ɗinsa ga kwamiti na biyu, wanda ya haɗa hafsoshi da likita, kuma shi ke yanke hukunci ko sojan zai iya ci gaba da aikin muƙaminsa. Idan ba zai iya ba, sai a auna nakasar da ma'aunin kashi cikin ɗari. Wata doka ta 1949 ce ta ja layin da ake bi har yau: wanda nakasarsa ta kai kashi 30, ko ya yi shekara 20 yana aiki, ana yi masa ritayar rashin lafiya, yana karɓar fansho duk wata, shi da iyalinsa kuma suna cikin inshorar lafiya ta sojoji mai suna TRICARE. Wanda aka ba kashi 20 ko ƙasa da haka, kuɗin sallama kawai yake samu, sau ɗaya, wato albashin wata biyu a kan kowace shekarar da ya yi. Ko su ɗin ba kyauta ba ne gaba ɗaya, domin idan daga baya Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta fara biyansa diyya a kan ciwon, tana riƙe kuɗinsa na wata-wata har sai ta fanshe abin da aka ba shi, sai fa idan a fagen daga ya samu raunin. Da yake ma'aunin goma-goma yake tafiya, babu komai tsakanin 20 da 30, amma ga saurayi mai shekara 25 wannan taki ɗaya na iya zama bambancin gomman shekaru na fansho da magani.

Ma'aunin rundunar soja da na Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma daga nan yawancin ruɗani ke tasowa. Rundunar tana ƙirga ciwon da ya hana mutum aikin soja ne kaɗai, ita kuwa ma'aikatar tana ƙirga duk wata lalura da ke da nasaba da aikin, tana kuma iya ƙara adadin idan ciwon ya tsananta. Saboda haka ana samun wanda rundunarsa ta ba kashi 10 saboda gwiwa, ma'aikatar kuma ta ba shi kashi 70 bayan ta haɗa da baya da kunne da ciwon firgici (PTSD). Wani ɓangare na wannan tazara halal ne a doka, wani kuwa ba haka ba ne, abin da ya fito fili a Fabrairun 2007 lokacin da jaridar Washington Post ta wallafa binciken Dana Priest da Anne Hull kan halin da sojojin da suka ji rauni a Iraƙi da Afganistan suke ciki a asibitin soja na Walter Reed. Sakataren rundunar sojan ƙasa, Francis Harvey, ya rasa kujerarsa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna rundunonin suna amfani da ƙa'idojinsu na cikin gida wajen rage adadin nakasa. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2008 ta tilasta musu bin jadawalin ma'aikatar, ta kuma kafa hukuma ta musamman domin sake duba fayil ɗin waɗanda aka sallama da kashi 20 ko ƙasa tsakanin 11 ga Satumba 2001 da 31 ga Disamba 2009, mutanen da yawansu ya haura 70,000. A shari'ar da aka sani da Sabo, wadda aka sasanta a 2011, an gyara wa waɗanda aka sallama saboda ciwon firgici, domin ƙa'ida ta ce a fara ba irin waɗannan aƙalla kashi 50, amma aka riƙa ba su ƙasa da haka.

Waɗannan ma sun ci sa'a, tunda sun isa gaban kwamitin likitoci. Akwai dubbai da aka fitar ta wata ƙofa, aka rubuta musu cewa suna da karkatacciyar ɗabi'a, lalurar da dokar soja ba ta ɗauka a matsayin nakasa, ana kuma ɗaukar cewa da ita mutum ya shigo aikin, don haka babu fansho babu kuɗin nakasa. Ƙungiyar tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam ta bayyana a 2012 cewa fiye da mutum 31,000 aka sallama da wannan dalili tsakanin 2001 da 2010. Wasu kuma da laifi aka kore su, alhali ciwo ne ya haifi laifin: ofishin binciken da ke yi wa Majalisar Dokokin Amurka aiki ya gano a 2017 cewa daga cikin sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin 100 likitoci sun riga sun tabbatar musu da ciwon firgici, ko buguwar ƙwaƙwalwa, ko wata lalura makamanciya, cikin shekara biyu kafin korar.

Ƙofofin neman gyara biyu ne, kuma kuskuren ƙofa yana cin lokaci mai tsawo. Ta farko ita ce hukumar sake duba sallama, wadda aka kafa wa kowace runduna a 1944, ana cika mata fom mai lamba 293 cikin shekara 15 da barin aiki. Tana iya ɗaga darajar sallama ko sauya dalilinta, amma ba ta taɓa hukuncin babbar kotun soja, ba ta kuma da ikon mayar da sallama ta zama ritayar rashin lafiya. Wannan iko yana hannun hukumar gyara bayanan soja, wadda aka samar a 1946 domin a sauke wa Majalisa nauyin yin doka guda saboda koken soja guda, kamar yadda ake yi kafin lokacin. Farar hula ne ke zama a cikinta, fom ɗinta mai lamba 149 ne, wa'adinta shekara uku daga ranar da mutum ya gano kuskure ko zaluncin, kodayake tana iya yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka. Yawancin ƙararrakinta a takarda take yanke su, ba tare da ta ga fuskar mai koke ba.

Abin da ya fi kayar da masu koke shi ne rashin fahimtar tambayar da hukumar ke yi. Ba ta tambayar yadda jikin mutum yake a yau, tana tambayar yadda yake a ranar da aka sallame shi, da kuma ko ciwon ya hana shi aikin muƙaminsa a wancan lokaci. Tana kuma farawa da zaton cewa jami'an da suka yi aikin sun yi shi daidai, sai mai koke ya kawo hujjar da ta rinjayi wannan zato. Shi ya sa takardar da ke nuna Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta ba mutum kashi 80 bayan shekara goma ba ta wadatarwa ita kaɗai, domin hukumar za ta amsa cewa ciwo yana tsananta da shekaru. Hujjar da ke da nauyi ita ce ta kusa da ranar sallama: bayanan asibitin soja, takardun da suka taƙaita masa aiki, kamar hana shi gudu ko riƙe bindiga, rahoton kwamandansa, gwajin da ma'aikatar ta yi masa cikin watannin farko, da wasiƙar likitan da ya karanta tsohon fayil ɗin ya bayyana inda aka yi kuskure. A nan tsarin yake da rauni babba, domin soja, musamman matashi mai gudun a kira shi rago, yakan ɓoye ciwonsa, kuma wannan juriya da aka horar da shi a kanta ita ce daga baya take zama shaida a kansa: fayil ya nuna bai je asibiti ba, rahoton aiki ya nuna yana ƙoƙari, sai a ce ai lafiyarsa ƙalau.

Ciwon firgici, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, bai shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai 1980, ma'ana babu yadda za a yi a same shi a fayil ɗin wanda ya dawo daga Biyetnam a 1968. Bayan wasu tsofaffin sojojin wannan yaƙi sun shigar da ƙara da taimakon ɗaliban shari'a na Jami'ar Yale, Sakataren Tsaro Chuck Hagel ya umarci hukumomin a Satumban 2014 da su riƙa sassautawa wajen duba irin waɗannan koke. Wani umarni na Agustan 2017 ya faɗaɗa sassaucin zuwa buguwar ƙwaƙwalwa da cin zarafi ta hanyar lalata, ya kuma shimfiɗa tambayoyi huɗu: ko akwai lalurar da za ta iya zama uzuri, ko ta faru a lokacin aiki, ko da gaske ta zama uzurin abin da ya jawo sallamar, da ko nauyinta ya rinjayi laifin. Ya kuma yarda cewa bayanin mai koke da bakinsa hujja ne. Sai dai rubuta umarni daban, bin sa daban, abin da ya sa aka sake kai rundunar ƙasa da ta ruwa kotu, suka amince a 2021 da 2022 za su sake duba dubban koken da suka yi watsi da su.

An daɗe ana jayayya ko wannan sassauci ya shafi mai neman fanshon rashin lafiya, ko kuwa ya tsaya ga mai neman wanke sunansa. Robert Doyon, sojan ruwan da ya ga gobarar jirgin yaƙi na Forrestal a Yulin 1967, wadda ta kashe mutum 134, an sallame shi a 1968 da sunan karkatacciyar ɗabi'a, kuma a Janairun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dole hukumar ta duba buƙatarsa ta sauya dalilin sallamar da wannan sassauci. A 2024 Ma'aikatar Tsaro ta fitar da bayanin da ya raba al'amarin biyu, ta bar sassauci ga batun dalilin sallama, ta cire shi daga tambayar ko mutum ya gaza aiki a lokacin. Ba a buƙatar dogon nazari kafin a lura cewa tambayar da aka cire ita ce mai jawo biyan kuɗi.

Akwai kuma waɗanda ba fansho suke nema ba, sun warke ne suna son komawa bakin aiki, kuma lambar sake ɗauka ce ta tare su. Mai lamba 3 yana iya neman a ɗage masa sharaɗi ta hannun jami'in ɗaukar kurata, mai lamba 4 kuwa sai hukuma ta sauya ta. Jita-jitar da ta daɗe a barikoki, cewa sallama tana gyaruwa da kanta bayan wata shida, ba ta da tushe ko kaɗan. Wanda hukumar ta ƙi kokensa yana iya neman ta sake dubawa idan ya samu sabuwar hujja, ko ya tafi kotun tarayya mai sauraron da'awar kuɗi a kan gwamnati, wadda wa'adinta shekara shida ne. Ga wanda kwamitin hafsoshi da likita ya riga ya yanke wa hukunci kafin ya bar aiki, wannan wa'adi yana fara ƙirguwa ne tun daga sallamar, kuma zaman jiran amsar hukumar gyara ba ya tsayar da shi.